Kafin ka ce a yi mata fomatin

Yawancin masu kawo mini laftof a shago sun riga sun rubuta wa kansu magani tun daga gida. Mutum zai dire ta a kan tebur ya ce, "Injiniya, nauyi take yi, a yi mata fomatin kawai." Ɗalibi ne, ma'aikacin sakatariya ne, mai shagon buga takardu ne, maganar ke nan. Kuma ban ga laifinsu ba, domin abin da aka saba musu da shi ke nan. Fomatin, wato a goge komai a sa sabon Windows, aiki ne mai daɗi ga mai gyara: cikin awa ɗaya ya gama ya karɓi kuɗinsa, kwamfuta ta ɗan saki jiki na 'yan kwanaki, daga nan ta koma gidan jiya, a sake kawo ta. Ni ba na karɓar wannan aikin ido rufe. Kafin in taɓa Windows sai na fara duba lafiyar had-dis, wato ma'ajiyar da fayiloli ke zaune a ciki, saboda a duk kayan da ke cikin laftof shi kaɗai ne ke riƙe da abin da kuɗi ba sa saya. Allo ya fashe a sa wani, batir ya mutu a sa wani. Hotunan sunan ɗanka da babi huɗu na furojek ɗinki kuwa, ba a sayar da su a kasuwa.

Had-dis irin na da, wanda har yanzu ke cikin akasarin laftof ɗin hannu da ake shigo mana da su, ɗan akwati ne mai faifai a ciki. Wanda ya taɓa ganin garmaho zai gane fasalin nan take: faifai yana juyawa, hannu mai ɗauke da kai yana yawo a samansa. Bambancin shi ne a nan kan ba ya taɓa faifan sam. Shawagi yake a kan iskar da juyin ke tayarwa, da tazarar da ba ta ko kama ƙafar kaurin silin gashi ba. Faifan laftof yana juyi 5,400 a minti ɗaya, masu ɗan kuzari 7,200. To ka auna abin da zai faru idan aka buga kwamfutar da bakin tebur alhali faifan yana wannan gudun. Kan ya daki faifan, ya karce wurin, abin da ke rubuce a gun ya tafi. Fasahar tsohuwa ce ƙwarai: kamfanin IBM ne ya fara fito da ita a 1956, da faifai 50 masu faɗin inci 24 kowanne, kuma duk abin da take iya ɗauka bai wuce kimanin megabait 5 ba, wato hoto guda na wayar yanzu. An ƙanƙantar da ita, an ƙara mata ciki, amma har yau faifai ne da hannu.

Mu kuma a Katsina yadda muke riƙon laftof kamar da gangan muke neman ran wannan faifai. Mutum zai rufe murfi ya cusa ta a jaka nan take, tun faifan bai tsaya ba, ya haye kabu-kabu daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa tana dukan bayansa. Wani zai ɗora ta a kan katifa ya toshe mata kafofin iska, a watan Afrilu, lokacin da zafin gari kansa ya haura digiri 40. Ƙurar hunturu ba ta shiga cikin had-dis, a rufe yake, amma tana cika fanka, fanka ta gaza, komai na ciki ya ɗau zafi. Babban abin da ya fi kashe su a gani na shi ne mataccen batir. Laftof da yawa a garin nan kai tsaye suke aiki da caja. Da an ɗauke wuta ko janareta ya yi tari, ɗif, ta mutu a tsakiyar rubutu. Sau ɗaya ba komai. Kullum kuwa, wata rana za ka kunna ta ƙi tashi.

Nauyi kaɗai ba shaida ba ce cewa had-dis ya kusa mutuwa. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka duba layin Disk. Idan ka ga ya maƙale a kashi 100 na dogon lokaci bayan ka kunna, to faifan ne ya kasa bin Windows, kuma lafiyayyen faifai mai juyi 5,400 ma yana yin haka a ƙarƙashin Windows 10. Wannan tsufa ne, ba ciwo ba. Ciwo shi ne ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga gefen da had-dis yake, ko ka zo kwafe fayil ya tsaya a rabi ya ƙi gaba ya ƙi baya, ko folda ta buɗe jiya yau ta ce ta lalace, ko shuɗin allo ya riƙa faɗo maka ba dalili.

Akwai kuma ranar da za ka kunna ka tarar da baƙin allo. A HP rubutun shi ne Boot Device Not Found, da lamba 3F0 a ƙasa. Nan ne mutane ke ɗora hannu a ka, alhali ba kullum ba ne mutuwa. Wani lokaci had-dis ɗin ne ya ɗan zame daga mazauninsa saboda jijjiga, a cire a mayar ya tashi. Wani lokaci ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan bod, babban farantin da kayan ciki ke haɗe a kai, ne ya ƙare, saitin BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, ya koma na asali, kwamfutar da aka sa wa Windows a tsohon tsarin tashi mai suna Legacy ta koma neman sa a sabon tsari mai suna UEFI. Gyaran minti biyu ne. Don haka abin farko shi ne a ga ko kwamfutar tana ganin faifan ma. A HP ka danna Esc da zarar ka kunna, sannan F10 don shiga BIOS, ko F2 don gwajin kayan ciki. A Dell F12 ne zai ba ka Diagnostics. Gwajin ba ya taɓa fayil ɗinka ko ɗaya.

Idan tana tashi, akwai wata 'yar manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ba na rabuwa da ita a filashina. Kowane had-dis yana rubuta tarihin lafiyarsa da kansa, tsarin da ake kira S.M.A.R.T., ita kuma manhajar karanto shi kawai take yi. Shuɗi lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja kuwa an gama. Abu biyu nake fara kallo. Na ɗaya, adadin gurabun da suka lalace har faifan ya kauce musu, da waɗanda yake shakka a kansu. Idan wannan lamba tana ƙaruwa daga yau zuwa gobe, faifan yana kan hanya. Na biyu, awannin da ya yi a kunne tun da aka ƙera shi. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, saboda haka faifan da ya nuna awa 26,000 ya yi aikin shekara uku ba dare ba rana. Wannan lamba tana da amfani ranar sayen laftof ɗin hannu. Mai kaya zai ce maka, "Wallahi Alhaji wata baturiya ce ta ɗan yi amfani da ita." Ka sa filashi ka duba, ba sai kun yi musu ba.

Da zarar ka ga rawaya ko ka ji ƙas-ƙas, ka tsaya cak. Kada a yi fomatin, kada a sa wata manhajar gyaran faifai ta yi ta sukuwa a kansa na awanni, domin duk juyin da zai yi daga lokacin cikin sauran kwanansa ake ci. Batun sa shi a firiji da wasu ke faɗa kuma ka bar shi inda ka ji shi, raɓa ce kawai za ta taru a ciki. Abin yi shi ne a kwashe kaya, kuma a bi su daki-daki bisa muhimmanci: takardu da farko tunda ƙanana ne, sai hotuna, finafinai da waƙoƙi a ƙarshe in faifan ya kai. Na sha ganin wanda ya fara da foldar finafinai mai giga 80, faifan ya mutu a tsakiya, takardun filinsa da ba su kai mega 10 ba suka tafi.

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe a ɗaya daga cikin manyan makarantun garin nan ta taɓa zuwa da yayanta, ido ya yi ja. Laftof ɗin ta ƙi tashi, an kai wani wuri, an yi mata fomatin, an sa sabon Windows har da su manhajar kallo. Ta ce, "Malam, ya ce mini komai zai dawo daidai. Ni ban san daidai ɗin har da goge furojek ba ne." Na ce, "Malama, tun da aka yi kin yi aiki da ita?" Ta ce ta ɗan sauke wasu abubuwa. Na ce to daga yanzu kada a sake kunna ta. Dalili shi ne fomatin na gaggawa ba ya share abin da ke kan faifai, rajistar da ke nuna inda kowane fayil yake ita yake gogewa. Fayilolin suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu. Sabon Windows ya riga ya hau kan wasu, duk abin da ta sauke kuma ya hau kan wasu. Na cire faifan na haɗa shi da tawa kwamfutar ta waje, na sa PhotoRec, manhajar tono fayilolin da aka goge, ya bi shi. Ya tono dubban fayiloli ba suna, sai lambobi, muka zauna muna buɗe na Word ɗaya bayan ɗaya. Babi na ɗaya zuwa na uku suka fito. Na huɗu ya fito a yayyage, rabi rubutu rabi shirme. Allah ya taimake ta malaminta yana riƙe da kwafin da ta buga ta kai masa gyara, daga nan ta sake bugawa. Abin da ya fi ba ni haushi, da na gwada faifan lafiyarsa ƙalau. Tun farko saitin BIOS ne ya sauya.

Idan kuwa faifan ya daina juyi gaba ɗaya, ko BIOS ba ya ganinsa a kowace kwamfuta, to ya wuce aikin teburin shago. Kada ka yarda kowa ya kwance murfinsa "ya duba". Buɗe had-dis aikin ɗaki ne na musamman wanda ƙura ba ta shiga, kuma kuɗin irin wannan aiki yakan fi kuɗin laftof ɗin kanta.

Yanzu maganar canji. Duk wanda ya zo da laftof mai nauyi, faifan lafiya ko ba lafiya, shawarata ɗaya ce: a sa SSD, ma'ajiyar zamani mai maye gurbin had-dis. Ba faifai a cikinsa, ba hannu, ba abin da ke motsi, don haka jijjigar kabu-kabu ba ta dame shi ba, ba ya ƙara, kuma bai kai had-dis cin batir ba. A takarda, SSD mai mahaɗin SATA yana karanta kusan megabait 550 a daƙiƙa, had-dis ɗin laftof kuwa yana wajen 100. Amma ba nan ainihin ribar take ba. Windows ƙananan fayiloli dubbai yake nema a warwatse, had-dis kuma sai hannu ya je ya jira faifai ya juyo da wurin kafin ya karanta kowanne. SSD ba ya jira. Shi ya sa kwamfutar da kake kunnawa ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama shiri ba, take tashi cikin daƙiƙoƙi. Mutane da yawa da suka zo da niyyar sayar da tasu su ciko kuɗi su sayi wata sun fasa bayan wannan canji kaɗai.

Sai dai kafin ka aika a sayo, a buɗe a ga irin mazaunin da ke ciki, domin SSD ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai siffar had-dis na inci 2.5, kaurinsa milimita 7, wanda ke shiga daidai inda tsohon ya fita. Akwai siriri mai suna M.2, mafi yawa lamba 2280, wato faɗi milimita 22 tsawo 80. Shi kansa M.2 ɗin kashi biyu ne, na SATA da na NVMe. Na SATA yawanci tsaga biyu gare shi a baki, na NVMe tsaga ɗaya, kuma akwai laftof da za ka sa wanda ba nata ba ya zauna daram amma ta ƙi ganinsa. Wasu tsofaffi kuma mSATA suke ɗauka, wanda ya fi gajarta da faɗi. Misali, HP EliteBook 840 G3 da ta cika hannun ɗalibai tana da mazauni biyu, na inci 2.5 da na M.2. Ƙanwarta 840 G5 kuwa M.2 kaɗai gare ta. Wanda ya yi sautu daga titin Beirut a Kano ko Computer Village ta Ikeja ba tare da ya duba ba, shi ne zai zo yana neman wanda zai yi musaya da shi.

Girma kuma, giga 128 ya yi kaɗan a yau, Windows da Office da sabuntawa za su cinye rabi. Giga 256 ya ishi ɗalibi da ma'aikacin ofis. Masu haɗa bidiyon biki da masu zane su nemi 512 zuwa sama. Idan ka sa na 256 ka ga Windows ya nuna 238, ba a cuce ka ba. Masu ƙerawa da dubu-dubu suke lissafi, Windows kuma da 1,024, shi ya sa na 500 ke nuna 465, na tera ɗaya ya nuna 931. Cuta ta gaske ita ce jabu: kwali mai sunan Samsung ko Kingston, ciki kuma ɗan guntun abu da aka yi wa dabara yana faɗin girman da ba shi da shi. Yana karɓar kaya lafiya har ya cika ainihin cikinsa, daga nan duk abin da ka zuba ya lalace ba tare da ya gaya maka ba. Araha ba ta ado. Manhajar H2testw tana cika shi da bayanai ta sake karantawa, ƙarya ta fito. Takan ɗau lokaci, amma gara a yi tun kana iya mayarwa. Na hannu kuma a duba shi da CrystalDiskInfo, zai nuna kashi nawa ya rage na ƙarfinsa.

Sa shi ba wuya. A kashe kwamfuta gaba ɗaya, a zare caja, a cire batir, idan na ciki ne a zare wayarsa daga bod kafin a taɓa komai. Sukurori ba tsawonsu ɗaya ba, a jera su yadda aka ciro su, don dogo a ramin gajere yana iya huda abin da ke ƙasa. Wasu laftof da siririyar waya mai laushi suke haɗa faifan, ita ce ke yagewa a hannun mai gaggawa.

Daga nan zaɓi biyu ne. Ko a kwafe tsohon faifan dungurungum zuwa sabon da irin su Clonezilla ko Macrium Reflect, ka kunna ka tarar da komai yadda ka bari, ko a sa sabon Windows. Kwafe dungurungum sai faifan yana da lafiya, kuma abin da ke cikinsa bai fi cikin sabon ba. Ni na fi son sabon Windows, saboda tarkacen shekaru ba ya biyo ka. Filashi mai giga 8 da manhajar Rufus mai ɗora Windows a kan filashi sun isa, sai data, don fayil ɗin Windows ɗin ya haura giga 5. Laftof ɗin da ta zo da Windows 8 ko sama daga kamfani lasisinta yana cikin bod, da ta hau intanet za ta kunna kanta. Abu ɗaya da ake mantawa: idan faifan yana kulle da BitLocker, kamar yadda na ma'aikatan ƙungiyoyi da bankuna suke, a nemo mabuɗinsa mai lamba 48 kafin a cire. In babu shi, ba mai gyaran da zai buɗe maka.

Tsohon faifan fa? Idan lafiyayye ne, a saya masa ɗan gida mai wayar USB ya zama ma'ajiyar waje, ko a cire na'urar DVD da ba mai amfani da ita yanzu a sa shi a gurbinta da wani ɗan tire da ake sayarwa, mai kaurin milimita 9.5 ko 12.7 gwargwadon laftof ɗin. Lafiya ko ba lafiya dai, ka sa shi a aljihu ka tafi da shi gida. A nan nakan ɗaga murya. Mutane suna barin tsohon had-dis a shago kamar fankon ashana, wani ma ya ce a rage masa kuɗin aiki a riƙe. A cikinsa akwai hotunan iyalinka na cikin gida, hoton katin ɗan ƙasa, takardun banki, kalmomin sirri da burauza ta adana. Na riga na faɗa cewa fomatin na gaggawa ba ya sharewa. Dabarar da ta dawo wa ɗalibar nan babi uku ita ce za ta fito wa baƙo da hotunan matarka. Wata Hajiya mai makarantar yara ta ce mini, "Ɗana, ai ya lalace, me zan yi da shi?" Na ce, "Hajiya, ya lalace a wurinki ne. Ki tafi da shi, in ba ki so a sa guduma a gabanki." Wanda zai sayar da laftof kuma, ya yi cikakken fomatin, ba na gaggawa ba, ko ya zaɓi goge faifai gaba ɗaya a wajen mayar da Windows sabo.

SSD ma yana da nasa hali, kuma gara a sani tun wuri. Had-dis yakan yi ciwo a ji, SSD kuwa sau da yawa lafiya lau za ku rabu da dare, da safe babu shi. Sannan akwai wani tsari mai suna TRIM da ke share gurbin duk abin da ka goge ba da jimawa ba, don haka tono fayil daga SSD bayan gogewa ko fomatin abu ne mai wuyar gaske. Ba ya bukatar a yi masa difrag, wato tattara fayilolin da suka warwatse wuri ɗaya, kuma kada a cika shi maƙil, a bar masa sarari. Duk mai adireshin Gmail yana da giga 15 kyauta a Google Drive. Furojek gaba ɗayansa bai kai hoton biki biyar nauyi ba. Ɗalibai nakan ce musu duk daren da suka ƙara shafi su tura wa kansu ta imel, ko data ta naira kaɗan ta isa.

Akwai laftof da nake mayarwa ba tare da na taɓa ba. Ƙananan nan masu sauƙin kuɗi da ke zuwa da giga 32 ko 64, ma'ajiyarsu eMMC ce, a like take da bod, kuma da yawansu ba su da wani mazauni na ƙari. Sababbin MacBook ma a like tasu take. Wadda RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, giga 4 ne kuma, SSD zai taimaka mata sosai, amma in da hali a ƙara ya kai 8 a buɗewa ɗaya. Sai batun Windows 10, wanda Microsoft ta daina tallafa masa a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 a hukumance yana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta Intel zubi na 8 zuwa sama, ita kuwa 840 G3 zubi na 6 ce. Ba wai za ta daina aiki ba ne, kuma SSD mai inci 2.5 ko M.2 da ka saya yau kana iya cire shi ka tafi da shi wata kwamfutar gobe. Amma wanda zai sayi laftof ɗin hannu yanzu, ya tambayi zubin kafin ya tambayi girman had-dis, don shi had-dis ana canza shi da sukundireba, zubin kuwa a yawancin na yanzu a like yake da bod.